Wasiƙar Irmiya Da 'Ya'yan Masu Gudun Hijira

Ku buɗe Littafin Irmiya, ku karanta sura 28 da ta 29 tare, gama ɗaya ba ta fahimtuwa sosai ba tare da ɗayar ba. Sa'anda Nebukadnezzar ya kwashe mutanen Urushalima zuwa Babila, annabawa biyu suka yi magana a kan kwanakin zamansu a can. Hananiya ya yi alkawari kafin shekara 2 kowa za ya komo gida. Maganarsa ta yi wa mutane daɗi ƙwarai. Amma Irmiya ya aika musu da wasiƙa, ya faɗa musu zaman na shekara 70 ne, ya umurce su su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa garin da ya ci su da yaƙi addu'a. Wanda ya ji wannan yana da shekara 40 ya san a Babila za a binne shi. Ashe rabin wasiƙar nan domin 'ya'ya da jikoki aka rubuta ta.

Abin nan ya sake faruwa a zamaninmu. A shekarar 1972 aka yi kisa mai ban tsoro a ƙasar Burundi, aka hallaka Hutu fiye da 100,000. Waɗanda suka tsira da yawa suka ƙetare zuwa Tanzaniya. Gwamnatin Julius Nyerere ba ta tsare su a bakin iyaka suna jiran buhun masara ba. Ta kai su cikin ƙasa, a Ulyankulu da Katumba da Mishamo, ta ba kowane gida wajen kadada 5 na daji. Wata ƙungiyar ekklesiyoyin Lutheran ta riƙe aikin tare da gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen suka sare daji, suka noma masara da rogo da taba, suka gina majami'u da makarantu. Kafin 1985 sun rigaya sun daina karɓar abincin taimako, suna sayar da amfanin gona, suna biyan haraji.

Duk da haka sunan "ɗan gudun hijira" bai rabu da su ba. Yaron da aka haifa a Katumba, wanda bai taɓa ganin tuddan Burundi ba, sai ya nemi takardar izini kafin ya fita daga yankin. A 2007 aka tambaye su, wa ke son komawa, wa ke son zama? Kusan huɗu cikin biyar suka zaɓi zama, gama yawancinsu a nan aka yanke musu cibiya. Aka yi ta jinkiri, har aka so a warwatsa su cikin jihohi, kāna aka fasa. Sai a watan Oktoba 1914 da ɗari, wato 2014, Shugaba Jakaya Kikwete ya fara miƙa musu takardun zama 'yan ƙasa, mutum wajen 162,000. Shekara 42 ke nan bayan gudun. Tsofaffi da yawa da suka sare dajin ba su ga ranar ba.

Fiye da 50,000 kuwa suka koma Burundi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wasu sun tarar da waɗansu a gonakin kakanninsu, sun yi shekara 30 suna nomawa, su ma suna da 'ya'ya. Yaran da suka yi karatu da Swahili suka shiga aji inda a ke koyarwa da Kirundi da Faransanci, suka zama baƙi kuma a ƙasar da aka ce tasu ce.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Sa'anda Boko Haram suka ci Gwoza a watan Agusta 2014, suka shiga Mubi da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi a watan Oktoba, masu bi dubbai suka watse. Wasu suka hau dutse suka gangara Kamaru, zuwa sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Wasu suka nufi Yola da Jos da Nasarawa da kewayen Abuja. A lokacin kowa yana cewa in damina ta wuce za mu koma. Damina fiye da 10 ta wuce. Jaririn da aka goya a bayan uwa ranar gudu ya isa shiga ajin baftisma. An komo da waɗansu Banki da Bama a 2021, amma ƙauyuka da yawa na bayan dutsen Gwoza ba su sāke cika ba.

To, wace murya mu ke yi musu, ta Hananiya ko ta Irmiya? A ganina ekklesiyoyi da yawa sun yi kirki a shekarar fari: an tara baiko, an kawo tabarmi da tufafi da hatsi, zumuntar mata ta yi ta dafa abinci. Allah ya sāka. Amma taimakon baƙon kwana uku dabam ne da na maƙwabci. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, rana na fitowa ya tafi. Wanda ya shekara 10 a unguwarku ya wuce raɓa. Bukatarsa gona ce wadda ba za a ƙwace ba bayan ya zuba mata taki, da gurbi a makaranta, da wanda za ya tsaya masa sa'anda ɗansa ya je neman takardar shaidar asali aka ce ya tafi ƙaramar hukumar da bai taɓa takawa ba.

Mu tuna kuma da Hausawan Sudan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno. Jikokin jikokinsu suna can. Amma a 2022 aka yi faɗa a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, ɗaruruwa suka mutu, ana ce wa Hausawa baƙi. Yawan shekaru shi kaɗai ba ya mai da baƙo ɗan gari, sai masu gari sun yarda.

Akwai kuma wani ciwo a cikin gidajen masu hijira, wanda ba a cika faɗa a majami'a ba. Uba yana addu'a da Glavda ko Dghweɗe, ɗa yana amsawa da Hausa ko Turanci. Kaka tana ba da labarin gonar tudu da kabarin mijinta, jika yana jin kamar tatsuniya ce. Tsoho yana ajiye kuɗi domin rufin ɗakin da aka ƙone, saurayi yana son kuɗin ya koyi kanikanci a inda ya ke. Kowannensu yana ganin ɗayan ya ci amanarsa. Iyaye, kada ku ɗora wa yaro laifi domin yana ƙaunar garin da ya girma a ciki. Daniyel da Esta da Nehemiya duk a baƙuwar ƙasa suka yi wa Allah aiki. Ku kuma samari, ku zauna ku ji, ku koyi harshen, ku rubuta sunayen ƙauyuka da na waɗanda suka mutu, gama in tsofaffin nan sun tafi babu wani littafi da za ku buɗe.

Ekklesiya ta fari ta gamu da irin wannan. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci, jikokin waɗanda suka warwatsu a ƙasashe, suka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsauta musu ba, ba su kuma ce su yi haƙuri tun da su baƙi ne ba. Aka zaɓi mutum 7 su riƙe aikin, kuma in kun duba sunayensu, tun daga Istifanus har Nikolas mutumin Antakiya, dukansu sunayen Helenanci ne. Wato an ba masu kukan mabuɗin rumbu.

Saboda haka, dattawa, sa'anda za ku zauna majalisa a wannan wata, ku ɗauko littafin membobi. Ku ƙirga gidajen da suka zo muku tun 2014. Ku duba ko akwai ɗaya daga cikinsu a cikin dattawa, ko ma'aji, ko shugabar zumuntar mata, ko malamin Makarantar Lahadi. Ku tambayi wanda ya ba su aron gona shekara nawa ya ba su, ko an rubuta. Ku sa a riƙa karanta nassi ɗaya da harshensu ran Lahadi, domin tsofaffinsu su ji, yaransu kuma su ga ba abin kunya ba ne. In zaɓen dattawa ya zo, ku sa sunansu a takarda tare da na sauran.