Lotfi Zadeh da Tambayar Ko Gaskiya Tana da Matakai

Tun zamanin Aristotle, malaman mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, suka tafi a kan cewa duk maganar da ke ɗauke da labari ko dai gaskiya ce ko ƙarya, babu matsayi na uku a tsakani, kuma a kan wannan tubali aka ɗora lissafin zamani, daga bisani aka ƙera kwamfuta, wadda harshenta bai wuce sifili da ɗaya ba. Sai dai tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani masanin falsafa na ƙasar Girka mai suna Yubulidis ya tono matsalar da har yau ba a binne ta ba. Idan aka cire ƙwaya ɗaya daga tsibin hatsi, tsibi yana nan a tsibinsa, amma idan aka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya, za a wayi gari babu tsibi, alhali ba wanda zai iya nuna ƙwayar da fitarta ta rushe shi. Mafi yawan kalmomin da mutane ke rayuwa da su, irin su tsufa da talauci da zafi da lafiya, haka suke, ba su da iyaka tsayayya.

Mutumin da ya mayar da wannan matsala aikin rayuwarsa injiniya ne, ba malamin falsafa ba. An haifi Lotfi Zadeh a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan a 1921, ya tashi a Tehran inda ya karanci injiniyancin lantarki, ya tafi Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kolumbiya a 1949, sannan a 1959 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya zauna har rasuwarsa a 2017. Kafin ya taɓa wannan batu ya riga ya yi suna a nazarin tsarin na'urori, fagen da ke bukatar lissafi mai tsauri, kuma daga cikin wannan ƙwarewa ne ya gano cewa idan tsari ya cakuɗe sosai, kamar jikin ɗan Adam ko tattalin arzikin ƙasa, to maganar da ta cika tsantsar daidaito takan rasa ma'ana, wadda ke da ma'ana kuma takan rasa tsantsar daidaito.

A 1965 ya wallafa maƙalarsa mai suna Fuzzy Sets, inda ya ce maimakon a tilasta wa kowane abu ya kasance cikin rukuni ko wajensa, a ba shi daraja tsakanin sifili da ɗaya gwargwadon yadda ya shiga rukunin. Ɗan shekara talatin ba shi da rabo a rukunin tsofaffi, ɗan shekara tamanin ya shiga gaba ɗaya, ɗan shekara sittin kuwa ana iya ba shi 0.6, kuma rabonsa a rukunin waɗanda ba tsofaffi ba shi ne abin da ya rage, wato 0.4. Da haka mutum ɗaya ya zama tsoho kuma ba tsoho ba, kowanne da gwargwadonsa, abin da tsohon mantiƙi ba ya yarda da shi. Jan Lukasiewicz na ƙasar Folan ya riga ya ƙirƙiro mantiƙi mai daraja uku tun 1920, Max Black kuma ya yi rubutu kan rashin tsayuwar iyakar kalmomi a 1937, amma Zadeh ne ya mayar da tunanin abin aiki a hannun injiniyoyi.

Manyan masana a Amurka, ciki har da Rudolf Kalman, sun yi masa ca, wasu suna ganin hanya ce ta halatta sakaci a tunani, wasu kuma suna cewa ilimin yiwuwa, wato lissafin ƙarfin zaton aukuwar abu, ya wadatar. Wannan suka ta biyu ta cakuɗa abubuwa biyu mabambanta. Wanda bai ga baƙo ba ya ce akwai yiwuwar kashi sittin cikin ɗari tsoho ne, jahilcinsa yake aunawa, kuma da zarar baƙon ya shigo zato ya ƙare. Amma wanda ke kallon ɗan shekara sittin, ya san ranar haihuwarsa, babu wani labari da ya ɓuya masa, duk da haka amsar tana nan tsaka-tsaki. A aikace kuwa tunanin ya yi tasiri: a tsakiyar shekarun 1970 Ebrahim Mamdani ya sarrafa injin tururi a Landan da ƙa'idojin da aka rubuta da kalmomin ma'aikata irin su kaɗan da sosai, a 1987 kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan ya fara aiki da irin wannan tsari na kamfanin Hitachi, daga nan ya bazu zuwa injinan wanki da kyamarori.

Nasarar na'ura ba ta warware tambayar falsafa ba, domin tambayar ita ce a ina rashin iyakar yake: a cikin abubuwa, ko a cikin harshe, ko a cikin ƙarancin sanin ɗan Adam. Timothy Williamson, a littafinsa na 1994, ya kare ra'ayin cewa iyakar tana nan daram, akwai ƙwayar da ke rushe tsibi, mutane ne kawai ba za su iya saninta ba, ra'ayin da ke ceto tsohon mantiƙi amma yake da wuyar haɗiya, tun da ma'anar kalma daga amfanin masu harshe take fitowa, kuma babu lokacin da suka zauna suka tsayar da ranar da tsufa ke farawa. Malaman mantiƙi na Musulunci sun daɗe da lura da wani gefe na wannan batu, inda suka bambanta lafazin da ke hawa kan dukkan ɗaiɗaikunsa daidai wa daida, kamar mutum, da wanda ke hawa kansu da fifiko, kamar haske, wanda ya fi ƙarfi a rana a kan fitila. Na biyun suke kira mushakkik, kuma Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da almajirai ke karantawa a ƙasar Hausa, ya kawo wannan rabe-rabe a littafinsa na mantiƙi, Sullam, Mulla Sadra na ƙasar Iran kuma ya faɗaɗa shi har ya ce samuwa kanta tana da matakai. Abin lura shi ne waɗannan malamai sun sanya matakan a cikin siffa, ba su sanya su a cikin gaskiyar magana ba, kuma wannan ya fi kusa da daidai: tsufa ne ke da matakai, amma faɗin cewa wane ya kai wani mataki na tsufa, ko gaskiya ne ko ƙarya.

Akwai kuma suka mafi nauyi da ta rage a kan hanyar Zadeh, wato cewa lambar 0.6 ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya zaɓe ta, kuma ba shi da hujjar fifita ta a kan 0.61, don haka wanda ya gudu daga iyaka ɗaya ta ƙarfa-ƙarfa yana iya faɗawa cikin iyakoki dubu. Zadeh da kansa ya ga haka, shi ya sa a 1975 ya gabatar da rukunai waɗanda darajarsu ita ma ba tsayayya ba ce, sai dai hakan ɗage matsalar ya yi zuwa mataki na gaba.

Inda batun ya fi shafar mutane shi ne wurin yanke hukunci, domin bayani yana iya zama mataki-mataki amma aiki ba ya iya zama haka: ko a ba mutum bashi ko a hana shi, ko a sa masa magani ko a sallame shi. Shari'a ta san wannan, shi ya sa mai tumaki 39 ba ya fitar da zakkarsu, mai 40 kuwa yana fitarwa, alhali ba wanda zai ce tunkiya ɗaya ce ta raba mawadaci da matalauci. An tsayar da nisabi ne domin kowa ya san abin da ke kansa. Iyakokin da mutane ke ja kuwa suna motsawa, kamar yadda a 1997 ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ta sauko da ma'aunin sukarin jinin mai azumi daga 140 zuwa 126, mutanen da jiya ake ƙirga su cikin masu lafiya suka wayi gari cikin masu ciwo ba tare da jikinsu ya canza ba. Manhajojin kimiyyar bayanai na yau suna fitar da maki ga mai neman bashi ko mai neman aiki, sannan a wani wuri cikin tsarin akwai lambar da aka yanke cewa wanda ya gaza ta an ƙi shi, kuma sau da yawa wanda aka ƙi ba ya sanin lambar, ba ya sanin wanda ya zaɓe ta, balle ya ji dalilin zaɓenta ko ya nemi a sake dubawa.