Hannu Da Yawa, Amana Ɗaya

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar taro. Shi ne ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ne kuma ya ƙirƙiro gayya domin gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma wannan Bahaushen dai, da ya ƙara duban mutane da idon basira, sai ya zo da wata magana mai ɗaci, wato taron tsintsiya ba shara. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ban ga inda ta fi tsanani ba kamar a ɗakin da ake kwantar da yara masu ciwon daji da masu cututtukan jini. Tambayar ita ce: idan mutum goma suka taru a kan ran yaro ɗaya, kowa da nasa aikin, a wuyan wa amanar yaron take?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a fahimci abin da ya sa taron ya zama tilas. Mu ɗauki yaron da ya kamu da sankarar jini, wadda ke farawa daga ɓargo. Uwarsa ce za ta fara lura da cewa ya ɗashe, dasashinsa na zubar da jini, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka duk da maganin cizon sauron da aka yi ta ɗura masa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ne zai gane cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya tura su gaba. Likitan yara zai ɗebi ɓargo, masanin ɗakin gwaje-gwaje ya tantance irin sankarar, domin kowane iri da maganinsa. Mai harhaɗa magunguna zai auna magani gwargwadon tsawo da nauyin yaron, kasancewar maganin nan dafi ne da aka daidaita: in ya gaza cuta ta dawo, in ya zarce ya yi kisa. Nas za ta lalubo jijiya a hannun da ya gaji da allura. Daga ma'ajiyar jini kuma za a kawo ledar wani bawan Allah da ya ba da jininsa ba tare da ya san wanda za a ƙara wa ba. A nau'in da ya fi yawa a tsakanin yara, wannan tafiya takan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma a tsawonta garkuwar jikin yaron takan yi raunin da zazzaɓin dare ɗaya zai iya tafiya da shi. Babu gwanin da zai iya riƙe duk waɗannan igiyoyi shi kaɗai.

Tarihin fannin ma abin da ya nuna ke nan. A shekarar 1948, wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa yara 16 masu sankarar jini da wani sabon magani. Cutar ta lafa na ɗan lokaci a jikin 10 daga cikinsu, sannan ta dawo. Shi dai Farber ɗin ne ya nace cewa yaro mai ciwon daji na buƙatar cikakkiyar kulawa a wuri guda, wadda ta haɗa likita da masanin abinci da ma'aikacin jin daɗin jama'a da mai ba iyaye shawara. Lokacin da aka buɗe asibitin St. Jude a Memfis a 1962, ba a samun ko biyar cikin ɗari na yara masu wannan nau'in sankara da ke tsira. Waraka ta zo ne bayan an koyi haɗa magunguna da dama a kan tsari ɗaya, aka kuma haɗa ma'aikata da dama a kan yaro ɗaya. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara suna warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na warkewa, alhali a yawancin ƙasashe matalauta adadin bai kai kashi 30 ba. Wannan giɓi ne ya sa hukumar ta ƙaddamar da wani shiri a 2018, da burin kai adadin zuwa kashi 60 a duniya nan da 2030. Abin lura shi ne, yawancin magungunan da ke warkar da waɗannan yara tsofaffi ne, an san su shekaru hamsin da suka wuce. Abin da ke kashe yaran namu sau da yawa shi ne tsinkewar igiya a wata gaɓa: an gano cuta a makare, ko magani ya yanke a tsakiyar zango, ko babu jini a daren da ake nemansa, ko kuɗin mota ya ƙare.

A ƙasarmu akwai shaidar abin da haɗa hannu ke iya yi, a kan cutar da ta fi kowace cutar jini addabar gidajenmu, wato amosanin jini ko sikila. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a Nijeriya duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Cikin masifunta har da shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kusan ɗaya cikin goma na masu cutar kafin su cika shekara ashirin idan ba a yi rigakafi ba. Tun 1998 aka tabbatar a Amurka cewa ana iya gano yaron da ke cikin haɗari da wata na'ura mai auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a kuma kare shi ta hanyar ƙarin jini kusan kowane wata. To, ina iyalin da ke neman na tuwon dare za su sami jini kowane wata? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu a Kano da Kaduna suka haɗa gwiwa da masana daga Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya da ake sha kullum. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana rage haɗarin ƙwarai. Wannan nasara ba ta da uba ɗaya. Da mai riƙe na'ura, da mai ƙirga ƙwayoyin jini, da nas mai bibiyar waɗanda suka daina zuwa, da uwar da ke tuna ƙwaya kowace safiya, duk da su aka ɗaga jinkar.

Sai dai kuma a cikin wannan alheri ne haɗarin yake kwance. Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san mutumin nan da ke ɗaga fartanya daidai da kiɗa amma ba ya tsaga ƙasa, don ya tabbata ba za a gane kunyar da ya bari ba. A ɗakin marasa lafiya ba lalaci ne kan jawo hakan ba, kyakkyawan zato ne. Mai gwaji ya fitar da sakamako mai ban tsoro, ya ajiye da zaton za a zo a karɓa. Likita ya ɗauka cewa da akwai matsala da an kira shi. Nas ta ɗauka likita ya gani. Kowa ya yi aikinsa, babu wanda za a kama da laifi, yaro kuwa ya tafi. Wannan ita ce mutuwar da ta fi ba ni tsoro, wadda kowa zai iya rantsuwa cewa hannunsa tsarkakakke ne, kuma ya yi gaskiya.

Malaman fiƙihu sun yi wani rabo da nake ganin yana haska wannan duhu. Akwai fardu aini, wajibin da ke kan kowane mutum a karan kansa, akwai kuma fardu kifaya, kamar sallar jana'iza, wanda idan wasu suka yi ya saraya a kan saura, idan kuwa kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki. Suka ƙara da cewa na kifaya yakan koma na aini a kan mutumin da babu mai iya yi sai shi, kamar gwanin iyo da ya ga mai nutsewa. A fahimtata, kula da yaro mara lafiya fardu kifaya ne a kan al'umma, amma a kowace sa'a yana zama fardu aini a kan wanda ya gani. Mai gwajin da ya ga mummunan sakamako shi ne gwanin iyon wannan sa'ar, kuma bai sauke nauyi ba sai ya tabbata labarin ya shiga kunnen mai iya ɗaukar mataki. Aiki yana rabuwa kashi goma, amana kuwa takan sauka ɗungurungum a kan kowane ɗaya daga cikin goman.

Wani zai ce ai tsohon tsari ya fi, lokacin da iyali ke da mutum ɗaya da suka sani ya san su, kamar wanzamin gida ko ungozomar unguwa. Akwai gaskiya a nan da bai kamata a raina ba. Uban da ya sayar da akuyarsa ya taho daga ƙauye ba kwamiti yake nema ba, fuska yake nema, wadda zai tambaya yau ya sake samunta gobe. Amma maganin wannan yana cikin gayyar kanta, domin ba a taɓa yin gayya babu mai gayya ba. Shi ke kiran mutane, shi ke nuna iyakar gona, shi ke zagayawa da yamma ya duba inda aka tsallake. Haka ya kamata kowane yaro ya sami mutum ɗaya a cikin ayarin, likita ko nas, wanda iyaye suka san sunansa, wanda kuma ya san labarin yaron daga farko har inda aka kwana. Kuma wajibi ne mai gayyar ya buɗe ƙofar magana. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, halin da ya ƙawata gidajenmu, amma idan ya hana ƙaramar nas gaya wa babban likita cewa awon da ya rubuta ya zarce, to ladabin ya zama wuƙa.

Akwai kuma wata ma'aikaciya da ba a rubuta sunanta a jadawali, ba ta kuma tashi daga aiki. Na zauna jinyar 'yar yayata mai sikila a wani asibiti, na ga yadda likitoci ke zagaye gado suna magana da Turanci a kan yarinyar, uwarta na tsaye a gefe kamar baƙuwa a ɗakinta. Alhali ita ce ta san bambancin kukan yunwa da kukan ciwon ƙashi, ita ce ke gane canjin launin ido kafin gwaji ya nuna, ita ce kuma ke ɗaukar saƙo daga wannan ofis zuwa wancan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ayarin da bai tambayi uwa abin da ta gani cikin dare ba ya yi watsi da mafi daɗewar shaida a kan gadon. Haka nan uba, wanda a yawancin gidajenmu kuɗi da izini ke hannunsa. Idan ba a zaunar da shi an yi masa bayani da harshen da yake ji ba, wa zai gaya masa cewa sikila gado ce daga ɓangare biyu, cewa iyaye masu AS da AS na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, don ya daina ɗora wa matarsa laifi? Wa zai gaya masa cewa lafawar ƙari bayan zango na farko ba warkewa ba ce?

Saboda haka nake jinjina kalmar da ake yawan faɗa, cewa iyaye sun gudu da ɗansu. Gaskiya ne wasu kan sa hannu su ɗauke yaro magani bai ƙare ba. Amma kafin a yanke musu hukunci, a tambaya: a cikin mutum goman nan, wa aka ɗora wa sanin ko akwai hatsi a rumbunsu, ko wa ke kula da sauran yaran a gida, ko nawa ne kuɗin mota? Idan babu kowa, to kujera ɗaya ce ta zauna babu mai ita a ayarin, kuma ta nan igiyar ta tsinke. Wannan kujera ta wuce bangon asibiti. Ta shafi gwamnatin da ke sayen magani, da attajirin da ke neman inda zai kai zakkarsa, da matashi mai lafiya da bai taɓa ba da jini ba, da limamin da zai ɗaura aure bai tambayi takardar gwaji ba.

Shi kansa yaron yana da kujerarsa. Ɗan shekara tara ya san ana ɓoye masa wani abu, kuma shirun manya ya fi allura tsorata shi. Yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya daidai da hankalinsa, a ce masa wannan allurar za ta yi zafi kaɗan, gashinsa zai zube kuma zai sake tsirowa. Yana da haƙƙin wasa da karatu, domin yaranta ba ta jiran a sallame shi.

Ranar da magani ya gaza kuwa, ita ce ranar da ake gane ko taron na shara ne. Da an ce babu sauran abin yi, sai ƙafafu su fara ɗaukewa daga gadon, kowa na ganin fanninsa ya ƙare. Alhali da sauran aiki: a kashe zafin ciwo, a jiƙa leɓen da ya bushe, a bar uwa ta rungumi ɗanta, a samo wanda zai zauna da uba. Warkarwa ba a hannun kowa take ba, kuma ba ita aka ba mu amana ba tun farko. Yaron aka ba mu, kuma yana nan a kan gadon har numfashinsa na ƙarshe.

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan. Amanar tana wuyan duk wanda idonsa ya sauka a kan yaron, cikakkiya, har sai ya miƙa ta hannu da hannu ga wanda ya ce ya karɓa. Jinka ba ta hawa kan ɗaki don yawan waɗanda suka kewaye ta. Takan hau ne idan kowane mai riƙe da gefe ya ɗaga kamar shi kaɗai ne a ƙarƙashinta.