Rumbun Jiki da Rumbun Gida

Manomin Batsari ko na Safana da ya ci tuwon dawa ya saɓa fartanya ya nufi gona, aiki iri biyu ke gudana a jikinsa ba dare ba rana, wato rushewa da gini. Hanji yana narkar da tuwon ya zama sukari, jini ya kai shi ga tsoka da ƙwaƙwalwa, a can a farfasa shi da taimakon iskar numfashi, sai ƙarfi ya fito. Da wannan ƙarfi ne jiki ke gina nama da ƙashi, yana kuma sabunta jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su cika wuce kwana 120 ba. Ashe gini ba ya yiwuwa a kyauta, sai an rushe wani abu an biya.

Abin da ya yi saura kuwa ba a zubar da shi. Hanta tana adana kimanin giram 100 na sukari, wanda ke riƙe mutum kamar kwana ɗaya, shi ne mai azumi ke ci bai sani ba. In wannan ya ƙare sai a buɗe babban rumbu, watau kitse, wanda ƙarfin da ke cikin giram ɗaya nasa ya ninka na sitaci fiye da sau biyu. In yunwa ta daɗe har kitse ya ƙare, to, sai jiki ya koma cin namansa, kamar magidancin da ya daka irin shuka ya yi tuwo. Wannan ita ce tamowa: yaro ya daina girma, cinya ta zama kara.

Ba labarin nesa ba ne. Ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu sun daɗe da sanin yunwar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma ya yi tsanani, sabon gero bai iso ba. Daga bisani 'yan bindiga suka raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar.

To, a nan tambaya take. Mutumin da ya saye hatsi da kaka ya kulle, yana jiran marka ya sayar da tsada, laifi ya yi ko tanadi? Zai ce shi ma yana da iyali, kuma ai Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tara hatsi shekara bakwai. Hujjarsa tana da ƙarfi, gama tanadi hankali ne, jikin da ba shi da ajiya zazzaɓin mako guda sai ya kayar da shi. Amma a lura, rumbunan Masar an buɗe su da fari ya zo. Haka ita ma hanta, ba ta jiran farashi. Da zarar sukari ya ragu a jini sai ta saki nata, domin ta sami ƙwaƙwalwa a raye. Kitsen da ake ta tarawa ba a ƙonawa kuwa, shi ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya.

Saboda haka ba a tarawa ake gane mai tanadi da mai ɓoyo ba, a ranar buɗewa ne. Shari'a ta yanka zakkar hatsi, ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a na ban ruwa mai wahala, ta kuma yi hani ga ɓoye abinci alhali jama'a na cikin matsi. Gari jiki ɗaya ne. Duk mai rumbun da ya bari maƙwabci ya cinye irinsa, baɗi gonaki za su kwanta, shi ma ya rasa inda zai saye. Allah ya kawo sauƙi, amin.