Ɗana, Juya Ganyen Kafin Ka Ɗauko Famfon Feshi

Ɗana, ka kyauta da ka dasa furanni a ƙofar gida, ka yi shinge da lalle, ka kafa zogale da gwaiba kusa da rijiya. A ƙasa irin tamu, daga Kuberi har Jega, Aliero da Maiyama, inda zafin bazara ke haura digiri 40, duk wanda ya raya tsanwan ganye a tsakar gidansa ya sha ɗibar ruwa. Sai dai akwai ɗabi'a guda da nake so ka bari.

Mu mutanen albasa ne. Famfon feshi ba ya nisa da zaure, kuma da wuya a rasa ragowar magani a kwalba. Shi ya sa da zarar ganyen fure ya nannaɗe, sai ka ga mutum ya dama abin da ya rage daga lambu ya watsa wa shukar gida. Albasa 'yan watanni take yi a ƙasa a cire ta. Lalle da fure kuwa shekaru za su yi tare da kai, a ƙarƙashinsu yaro ke rarrafe, kaji ke kiwo, daga nan uwargida ke tsinko zogalen kwaɗo. Gubar da aka yi wa gona ba ta dace da wannan wuri ba.

Fara da sanin wanda ke maka ɓarnar. Fita da sassafe ka juya ganyen, domin yawancinsu a bayansa suke fakewa. In ka ga ƙananan ƙwari sun yi cincirindo a kan toho, ganyen yana danƙo, darɓa ce. Ruwan shukar take tsotsa ta zubar da wani mai zaƙi, a kansa ne baƙin nan mai kama da kunkunniya ke fitowa. Tururuwar da ke hawa da sauka a jikin reshen zaƙin take bi, har gadin darɓar take yi. In ka girgiza reshe wasu farare suka tashi, farin ƙuda ne. In kuwa ka tarar da fari-fari kamar auduga a maƙale a gaɓar reshe, musamman a furen nan ɗan'uwan yakuwa ko a gwanda, ƙwaro ne mai lulluɓe jikinsa da kakin da ke hana magani ratsa shi. A lokacin ƙura da zafi, ganye kan yi ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana a bayansa. Wannan aikin wani jan mitsitsin dangin gizo-gizo ne, wanda sau da yawa feshin maganin ƙwari ƙara masa yawa yake yi, don ya kashe masu cinsa. Ganyen da aka ɓula ko aka gatsa kuwa, nemi tsutsa ko fara, ka tsince su da hannu.

Wani lokacin ma babu ƙwaro ko ɗaya. Ruwa ne ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ko gara ce ke ci ta ƙasa. Kuma kai mai yawan zuba Yuriya don ganye ya yi shar, ka sani tohon nan mai laushi shi darɓa ta fi so.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke kashe masu taimakonmu. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, ƙadangare, zanzaro, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya, duk ƙwarin da ke damunka ne abincinsu. Kada ka ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga Asiya ya mamaye mangwaro da lemu a Togo, Ghana da Benin, har ya shigo Nijeriya. Feshi bai tsayar da shi ba. Wani mitsitsin zanzaro aka kawo daga Indiya aka saki, shi ya karya lagonsa. Haka aka ceci rogon Afirka da wani zanzaron daga Kudancin Amurka, aikin da Hans Herren ya jagoranta a cibiyar IITA ta Ibadan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

To, me za ka yi? Reshen da ya cika da ƙwari, yanke shi ka ƙone. Darɓa da jan mitsitsin nan, watsa musu ruwa da ƙarfi ta bayan ganye yana rage su sosai. In abin ya ci tura, ga dogon yaro a kowane lungu. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar wannan itace, kuma daga nan bincike ya tabbatar da sinadarin da ke hana ƙwaro ci da girma. Tsinto 'ya'yan da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka ɓare. Daka kamar giram 50 na ƙwayar ga kowace lita 1 ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan kaɗa sabulu a ciki. Yi feshin da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa, kuma ƙudan zuma ya riga ya koma. Maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take, shi ya sa masu gaggawa ke raina shi.

Fiya-fiya kam, ina roƙonka, kada ta shiga tsakar gidanka da sunan maganin fure. Sinadarin da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar wakenmu a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irinsa a kasuwanni. In har sai ka sayi magani, yanko ganyen da ya kamu ka kai wa malamin gona, ko masana aikin gona a jami'ar Aliero, su faɗa maka sunan ƙwaron tukuna. Ka bi awon da aka rubuta a jikin kwalba, ka rufe hanci, ka rufe hannuwa, ka kawar da yara da dabbobi, kada kuma a tsinki zogale sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika. Kwalbar da ta ƙare, ka huda ta ka binne nesa da rijiya, kada wani ya zuba man gyaɗa a ciki.