'Yar Adar da Kakin Sojan Ruwa: Me Imam Malik Ya Ƙi?

Daga Tawa, a ƙasar Adar, zuwa gaɓar teku mafi kusa, a Kwatano ko Ikko, kusan kilomita 1,000 ne ko da an miƙe sak. Ruwan da Ba'adare ya sani tabki ne: na Babaye a cikin gari, da na Tabalak a kan hanyar Agadas, wanda ke batsewa da damina masunta su shiga da kwale-kwale, in rani ya yi ya ja baya a kafa lambuna a bakinsa. Duk da haka labarin teku ba baƙo ba ne a gidajen Adar. Mazan yankin 'yan biɗa ne tun kaka da kakanni. Abijan, Lome, Kwatano, Libiya, ba inda ba su taka ba, kuma suna dawowa da labarin tashar jiragen ruwa kamar yadda suke dawowa da atamfa da rediyo.

Yanzu wayar salula ta ƙara nata. Yarinyar da ke shirin jarrabawar BAC a Tawa tana iya ganin mata sanye da farin kaki suna fareti a kan jirgin yaƙi, ta ce ita ma haka take so. Abin da za ta fara ji a gida sananne ne: “Mace da kaki? Wa zai aure ki?” In ta dage, za a ce a tambayi malam. Kafin a kai ga zauren malam kuwa, taswira ta riga ta ba da tata amsar.

Nijar ba ta da teku, ba ta kuma da rundunar sojan ruwa. Akwai sojan ƙasa da na sama, akwai jandarma da 'yan sanda. Aikin tsaro a kan ruwa yana nan, amma a kan kogin Kwara ne, inda jandarmomi ke sintiri da ƙananan jirage, da kuma tafkin Chadi a jihar Difa, inda a ranar 25 ga Afrilu 2015 Boko Haram ta kashe sojoji 46 a tsibirin Karamga. Rashin teku ba ya hana ƙasa kafa irin wannan runduna, domin Bolibiya ta rasa gaɓarta a yaƙin da ya ɓarke tsakaninta da Chile a 1879, kuma har yau sojan ruwanta na atisaye a tafkin Titikaka. Nijar dai ba ta bi wannan hanya ba.

Ƙofar da ta fi kusa tana Najeriya, kuma ta 'yan ƙasar ce kaɗai. A can, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta ɗauki mata 20 a 2011 a sahun da ake shiryawa don jagorancin fagen fama. A Disamban 2012 Itunu Hotonu ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin admiral a rundunar sojan ruwan Najeriya. Shekara biyar bayan haka Jamila Abubakar Malafa, lauya 'yar jihar Adamawa, ta zama mace ta farko daga Arewa da ta kai muƙamin kwamado. Har a jihar Kano, wadda ita ma ba ta san igiyar teku ba, rundunar ta buɗe kwaleji a Dawakin Tofa. A Nijar kuwa, misalin da 'yan mata ke ɗagawa na sama ne: Ouma Laouali, wadda a Oktoban 2015, tana da shekara 28, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin sojan ƙasar, ta kuma kammala koyon tuƙa babban jirgin C-130 a Amurka a 2020.

Ke nan burin 'yar Tawa, in ya sauko ƙasa, bariki yake nufi: sojan sama, jandarma, likitar soja. Amma tambayar addini ba ta canza ba, kuma abin mamaki shi ne, a kan teku ne malaman farko suka fi yi mata bayani dalla-dalla.

Labarin na Ummu Haram bint Milhan ne, 'yar'uwar Ummu Sulaim, wato innar Anas ɗan Malik. Wata rana Annabi (SAW) ya yi ƙailula a gidanta, ya farka yana murmushi. Da ta tambayi dalili, ya gaya mata an nuna masa wasu daga cikin al'ummarsa suna keta teku don yaƙi saboda Allah, cikin izza irin ta sarakuna. Nan take ta roƙe shi ya yi addu'a ta kasance cikinsu. Bai ce mata ke mace ce ba. Ya yi addu'ar. Shekaru suka shuɗe, Sayyidina Umar ya hana Musulmi yaƙin teku saboda tsoron halaka, Sayyidina Usman ya ba Mu'awiya izini, aka nufi tsibirin Ƙubrus wajen shekara ta 28 bayan Hijira, wato 649. Ummu Haram ta shiga jirgi tare da mijinta Ubada ɗan Samit, matar Mu'awiya ma tana cikin tafiyar. Bayan an sauka, dabbar da ta hau ta kayar da ita, ta rasu. Kabarin da ake danganta mata yana kusa da birnin Larnaka, ana ziyartarsa har gobe.

Buhari da Muslim sun ruwaito wannan hadisi. Imam Malik ma ya kawo shi a Muwaɗɗa. Kuma shi Malik ɗin, wanda mazhabarsa ce ake karantawa a kowane zauren ilimi na Adar, an ruwaito cewa ya karhanta wa mata shiga jirgin ruwa.

Mai karatu da gaggawa zai ga kamar tufka da warwara ce. Masu sharhi sun warware ta tun da daɗewa. Abin da Malik ya duba shi ne jiragen zamaninsa: ƙanana, cunkushe, ba ɗaki ba labule, mace ba ta da inda za ta kwanta ko ta kewaya sai a gaban maza. Nawawi ya kawo wannan dalili a sharhinsa na Muslim. Ibn Hajar kuma ya ruwaito cewa almajiran Malik sun taƙaita hukuncin ga ƙananan jirage, suka ce babban jirgi mai wuri na musamman ga mata ba laifi a shiga. Aibin da Malik ya gani yana jikin jirgin, kuma aibi ne da kafinta zai iya gyarawa. Da an gyara, karhancin ya faɗi.

Masu hanawa suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa jihadi bai wajaba a kan mace ba, domin da Nana A'isha ta nemi izini an nuna mata aikin Hajji. Suna cewa Ummu Haram da mijinta ta tafi, ba ita kaɗai cikin ɗaruruwan maza ba. Suna kawo Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi a Tawa, Kaita da Ilela ke biyawa tun suna samari, inda aka hana mace tafiyar yini da kwana ba muharrami, sai Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Suna ƙara da cewa matan Sahabbai da suka bi runduna yawanci shayar da ruwa da jinya suka yi, kamar Rufaida da tantinta a masallacin Madina, kuma abin da Nusaiba bint Ka'ab ta yi da takobi ranar Uhudu larura ce ta sa. Sannan ga wandon kaki, ga kwanan daji, ga babban hafsan da ba a iya ce masa a'a.

Wannan tsoro na ƙarshe ba almara ba ne. A 1991, a wani taron matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka a Las Begas, bincike ya tabbatar an ci zarafin mata 83. Rundunar da ta fi kowace kuɗi a duniya ke nan. Uban da ya yi fargaba a Tawa bai yi ƙauyanci ba.

Sai dai in aka jera hujjojin nan, za a ga kusan dukkansu sharaɗi ne: sutura, aminci, rakiya, kaɗaita da namiji. Sharaɗi kuwa abu ne da ake cikawa. A Afirka ta Kudu, Manjo Fatima Isaacs ta ƙi cire ɗankwalinta daga ƙarƙashin hular soja, aka gurfanar da ita, daga baya aka janye tuhumar, kuma a Janairun 2021 rundunar ta sauya dokar tufafinta. A Maris 2022 'yan sandan Najeriya suka yarda mata su sa ɗankwali ƙarƙashin hula. Ba wanda ya canza fiƙihu a waɗannan wurare. Hukumomi ne suka gyara nasu jirgin.

Akwai kuma ɓangaren da masu hanawa kan tsallake. Muhtasar na Shaihu Halil, madogarar alƙalan Malikiyya, ya bayyana cewa in maƙiyi ya afka wa gari ba zato, kare kai ya zama wajibi a kan kowa, har mace. Arewacin jihar Tawa ya san wannan hali da idonsa. A ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, inda 'yan gudun hijirar Mali ke zaune. A ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga a kan babura suka shiga Intazayen, Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, gwamnati ta ƙirga gawa 137. Matan da suka tsira daga irin wannan dare suna buƙatar wadda za ta duba raunin da ba za su nuna wa namiji ba, da wadda za su gaya wa abin da ba za su iya faɗa wa jandarma namiji ba. A yankin tafkin Chadi, inda aka riƙa ɗaura wa 'yan mata bama-bamai, dole a caje mata a shingen bincike. Malamin da ya hana mace shiga aikin tsaro saboda kare mutuncin mata, sai ya faɗi wanda zai yi wannan cajin.

Irin wannan awo na ɓarna biyu ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, cikin jihar Tawa ta yau, ya sha suka saboda mata na halartar wa'azinsa. Wani malami, Mustafa Gwani, ya rubuto yana neman a hana su saboda cuɗanya da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya amsa, kuma amsar ita ce: cuɗanya abin ƙi ce, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi ta muni, don haka a ware musu wuri a ci gaba da karantarwa. Daga wannan gida Nana Asma'u ta fito, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye.

Matan Adar su ma ba baƙin aikin ƙarfi a fili ba ne. Da aka fara aikin raya karkara na Kaita a 1984, da kuɗin Italiya bayan fari, maza da yawa sun tafi biɗa. Mata ne suka fi yawa a wuraren aikin, suna ɗaukar duwatsu a ka, suna gina shingayen tare ruwa, suna dasa itatuwa a kan fako, ana biyansu da abinci. Yunwa ta sa ba a tsaya dogon jayayya ba. Jikokin waɗannan mata ne yau ke zaune a azuzuwan Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa.

Wani nauyin kuma ba ruwansa da mace ko namiji, kuma shi ne aka fi mantawa in gardama ta tsaya a kan wando da ɗankwali. Hafsa mai ba da umarni ce, kuma mai karɓarsa. Addini ya ce ba a yi wa mahaluki biyayya cikin saɓon Mahalicci, bariki kuma an gina shi ne a kan biyayya ba musu. Wata rana za a iya ce mata ta buɗe wuta a kan rugar da ba ta tabbatar da laifin mutanenta ba, ko ta kau da kai daga motar da aka biya kuɗi don ta wuce. Abin da zai raba aikinta da na ɗan bindiga shi ne niyya, da doka, da ƙarfin halin cewa wannan kam ba zan yi ba. Yarinyar da albashi da kyan kaki kaɗai suka ja ba ta shirya wa wannan rana ba, haka ma yayanta namiji, wanda ba a taɓa kai maganarsa gaban malam ba.

Saboda haka in uba ya ɗauki 'yarsa suka durƙusa a zaure, ta ce, “Allah gafarta Malam, ya halatta?”, amsar da ta dace da tafarkin Malik tambayoyi ce. Ina za ta kwana lokacin horo, kuma wa ke riƙe da makullin ɗakin? Za a bar ta ta rufe kanta ta yi salla a kan lokaci? Ana tura mace ɗaya tilo cikin ayarin maza, ko a rukuni ake tura su? In babba ya neme ta da lalata, wa za ta kai wa ƙara, kuma an taɓa hukunta wani? In ta yi aure ta haihu, me dokar aiki ta tanada? Malam ba shi da waɗannan amsoshi a cikin littafi. Suna hannun ma'aikatar tsaro a Yamai, da makarantar hafsoshi ta EFOFAN, da kwamandojin yankin tsaro na huɗu da ke Tawa, kuma uban da ke son tabbaci yana iya neman matan da suka riga 'yarsa shiga kaki ya ji daga bakinsu kafin ya sa hannu a takarda.