"To" ɗinmu da kunnen manaja

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, inda da yawa daga cikin manajoji 'yan Labanan ne ko Indiyawa ko 'yan Chaina, ƙorafi ɗaya muke ta ji: wai ma'aikaci ya amsa, amma bai yi ba. Me ya amsa? "To" ya ce. A wurinmu kuwa "to" kan tsaya a "na ji", don tun muna yara aka hana mu ce wa babba "a'a" ido da ido. Manaja ya ɗauka alkawari ne. Da ya hau faɗa, yaro ya sunkuyar da kai don ladabi, shi kuma ya ce ga alamar marar gaskiya.

Mu ma ba mu tsira ba. Manaja ya shigo ba gaisuwa, nan take mun yanke cewa baƙar fata ya raina. Wani lokaci hakan ne, ba ma musu. Wani lokacin kuwa sauri ne kawai irin na garinsu.

Sai dai kura-kuran biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne. Namu a gulmar teburin mai shayi yake ƙarewa. Nasa yakan kai ga takardar kora, har ya zama hukunci a kan al'umma guda: "mutanen nan ba abin yarda ba ne." Duk da haka, kullum lebura ake kira ofis a ce ya gyara hali.