Hannun da ya yi taki shi ya saki guba

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi nisa a karatun shimi ya gamu da wannan layi: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. Malam ya ce a ƙara matsi, a kai zafi wajen digiri 450, a sa ƙarfe ya gaggauta aikin. Mu hardace, mu ci jarrabawa, shi ke nan. Labarin mai layin ne ba a cika ba mu ba.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ce, amma gero ba ya iya cin ta a haka, don igiya uku ce ta ɗaure ƙwayoyinta biyu. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya kwance ɗaurin, ya fitar da amoniya. A 1913 Carl Bosch ya mai da aikin na masana'anta. Takin zamanin da iyayenmu ke saye da damina, asalinsa ke nan.

To amma ranar 22 ga Afrilun 1915, a Ypres ta Beljiyam, Haber ɗin nan ne ya jagoranci sakin iskar kulor a kan sojojin da ke cikin ramuka. Bayan yaƙi kuma aka ba shi kyautar Nobel ta 1918 saboda amoniya.

Wasu za su ce ilimi wuƙa ce, laifin na mai suka ne, maƙeri ba ruwansa. Ni dai ban yarda ba. Maƙeri bai san inda wuƙarsa za ta ƙare ba. Haber kuwa ya san kulor ta fi iska nauyi, za ta kwanta cikin ramin da mutane suke. Ya san abin da take yi wa huhu. Sanin nan shi ya ɗora masa alhaki. Buhunan takin da ya ciyar da duniya ba su biya diyyar ran da aka shaƙe ba, don wanda ya ci daban, wanda ya mutu daban.

Gobe ɗayanmu zai tsaya a ma'adinin yuraniyom na Arlit, ko wurin da ake wanke zinariya da siyanur, ko a labo inda ake auna ruwan rijiya. A ba shi takarda a ce sa hannu, ba matsala. Manomin da ke shan ruwan bai iya karanta awon ba. Kai ka iya. Shi ya sa nauyin yake wuyanka.